Turken da Nasiba Ta Tumɓuke

Sau biyu Malam Abdussalami yana mayar da manyan Yahya gida ba tare da sun ko zauna a kan tabarma ba. Karon farko ya ce ɗiyarsa Nasiba karatu take yi. Karo na biyu bai ma yi rufa-rufa ba, cewa ya yi shi bai ga abin da mai walda zai ciyar da mace da shi ba in ban da tartsatsin wuta, alhali ga ɗan ƙanwarsa Abdulƙadir da shagon riɗi a garin Managil, shekara uku yana jira.

Sai da tsohuwarsa Asabe, wadda jikoki ke kira Habboba, wato kaka, ta yi kwana tara ba ta shan jabanar gidansa, wato gahawa, tana aikawa maƙwabta su dafa mata don kowa ya sani, sannan ya sauko. Ya ce to, su zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zai saurare su. Saurare fa kawai ya ce, bai ce zai bayar ba. Amma Nasiba ta riƙe wannan kalma ɗaya da hannu biyu.

Ranar Talata da hantsi, saura kwana uku, tana zaune a inuwar rumfa tana kankare tsatsa daga wani karyayyen lauje.

"Ke wagga ɗiya," in ji Habboba daga kan angarib ɗinta, gadon nan nata na igiya, "mutane na tura 'ya'yansu Madani su dawo likitoci, tamu ta dawo mai tonon juji kamar kaza."

"Habboba, aikin kammala karatuna ne. Sau nawa zan faɗa miki?"

"Faɗi na ɗari. Ni dai na ga tsohon takalmin marigayi kakanki ya ɓace, na san inda ya tahi."

Nasiba ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Aikin nan ya sha mata kai. A sashen zane da ƙira na kulliyarsu, wato kwalejinsu da ke Madani, an ce kowane ɗalibi ya haɗa siffa guda daga tarkacen da mutane suka yar, wadda za ta ba da labarin mutanensa ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya ba. Sau uku tana haɗawa tana tura wa ustaz ɗinsu hoto, sau uku yana mayar mata da amsa iri ɗaya: "Wannan tarin shara ne mai kyau, ya Nasiba. Ina kashin bayansa?"

Kafin ruwan kogi ya cika da damina, wata rana ta sauka bakin kogi tana yawo da buhunta, ranta a ɓace. A inda gaɓa ta zaizaye ta ga wani ƙarfe ya karkace, rabinsa a waje, da zobe a kansa, tsatsa ta ci shi har ya yi ja. Ta girgiza shi, ta girgiza, har ya fito. Tsawonsa ya kai ƙugunta. Ta ja shi zuwa warshar Yahya, wato rumfar da yake walda a bakin hanyar Abu Hujar.

A can aikin ya tashi. Yahya ya yanka ƙarfen gida biyu, ya lanƙwasa, ya mai da shi ginshiƙi. A jikinsa suka jera tafin tsofaffin takalma, manya da ƙanana, duk suna fuskantar gabas, suna hawa suna ƙara sidewa, na can sama ba abin da ya rage sai igiya. A gindi fasasshen tulu da yagaggen taru. Ma'anar ita ce kakanni sun baro Sakkwato da niyyar Makka, takalmansu suka ƙare a bakin wannan ruwa, suka kafa turke suka zauna. Da ustaz ya ga hoton sai ya turo murya: "Yanzu ya yi magana. Ki kawo shi ranar Asabar."

Laujen nan shi ne abu na ƙarshe da ya rage a liƙa.

Ba ta gama kankare shi ba aka banko ƙyauren gida. Abdulƙadir ne, jallabiyarsa fara duk laka har gwiwa, fuskarsa kuwa tana ƙyalli kamar wanda aka yi wa albishir.

"Habboba, kin ji abin da surukanku na Juma'a suka aikata?"

"Yi sallama tukun, kai marar ta ido."

"Salamu alaikum. Sun sace turke!"

Habboba ta tashi zaune da saurin da Nasiba ba ta taɓa gani ba. "Wane turke? Na jarf?"

"Shi fa. Mun sauka da igiya tun da safe, ni da Kawu Malam da Mahadi baffan Yahya. Muka tona nan, muka tona can, babu. Ni kuwa zuciyata ta ba ni. Na wuce warshar yaron, na ɗaga wani buhu, sai ga zoben yana kallona. Ya yanka shi, Habboba! Ya rataya masa tsofaffin takalma don kada a gane." Ya juyo ya dubi Nasiba yana murmushi. "Ustaza, ke da kika yi karatu, me ake kiran wanda ya cire iyakar gonar maƙwabcinsa, sannan ya zo neman 'yarsa?"

Bai jira amsa ba ya fice, don akwai sauran gidajen da labarin bai kai ba.

Laujen ya zame daga hannun Nasiba.

"Habboba... mene ne turken jarf?"

Kada ku ga laifinta da yawa. Tun tana shekara tara gwaggonta ta ɗauke ta zuwa Madani, hutu kawai ke kawo ta, kuma matan gidan Malam ba sa zuwa wurin awo. Jarf ita ce ƙasar bakin kogi da ruwa ke rufewa duk damina. In ya janye sai ya bar laka baƙa mai taushi, wadda in ka jefa mata albasa ko kabewa ko masara ba ta neman taki ba ta neman ban ruwa. Sai dai ruwan yana share kowace kunya, kowace alama. Don haka kakan Malam da kakan Mahadi, shekarar da suka sauka, suka kafa turken raƙumi a saman gaɓa. Duk shekara sai a ɗaura igiya a zobensa, a miƙe ta saitin wata goriba da ke tsallaken kogi. Dama ta gidan Malam, hagu ta gidan Mahadi. Shekara fiye da ɗari ba a taɓa kai gidajen nan biyu gaban alƙali ba saboda ƙarfen nan.

"Kuma laka ba ta jira," in ji Habboba. "Kwana goma ta bushe. In ba a auna ba, ba mai shuka. Wanda duk ya taɓa turken ga, Allah ya..."

"Habboba, kar ki ƙarasa!"

Tsohuwa ta tsaya da baki buɗe. Ta dubi jikarta, ta dubi buhun tarkacen da ke gefenta. Ta ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi. Ke ce."

Nasiba ta fizgi tob ɗinta, dogon mayafin nan, ta yafa, ta fita da gudu.

Ta tarar da Yahya zaune a kan tsohuwar tayar tarakta, tabaran waldarsa a goshi, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Aikin nata na tsaye a tsakiyar rumfa, an yaye masa buhu, takalman suna lilo a iska.

"Baba ya zo?" ta tambaya tana haki.

"Ya zo. Da shi da Baffa Mahadi."

"Me ka ce masa?"

Ya ƙi ɗagowa.

"Yahya, magana nake yi. Me ka ce masa?"

"Na ce ni na cire."

Ta matso gabansa. "Ka ce me?"

"Na ce na gan shi ya karkace, na ɗauka yasasshe ne, na kawo. Wallahi ni ma ban gane shi ba, Nasiba. Kansa kawai na taɓa gani a ƙasa, ina yaro. Da kika kawo shi da tsawonsa ban kawo komai a raina ba. To tunda ni na yanka, me ya rage? Halas, magana ta ƙare, laifin ya tsaya a kaina."

"Halas? Kai ka ce halas?" Hawaye suka zubo mata, amma na haushi ne. "Wa ya aike ka? Wata shida ina roƙo, Habboba ta yi yaji da jabana, da ƙyar muka samu Juma'a ɗaya tak, kai kuma ka ɗauka ka miƙa wa Abdulƙadir a faranti!"

"Me kike so in ce? In tsaya gaban mahaifinki, ga mutane cike da hanya, in ce ɗiyarka ce ta tumɓuke iyakar gonarka, ta jawo ta rumfar saurayinta? Kin san bakin garin nan. Kafin magariba za a ce kullum kina nan. Za a ce ni na sa ki."

"Ai kullum ina nan! Da rana tsaka, a bakin hanya, kowa na wucewa yana gani!"

"Gani daban, a faɗa a gaban Malam daban."

"To ni sunana kake karewa, ko ni kake so?"

Ya ɗago a karon farko. Idanunsa sun yi ja. "Ba ki san amsar ba har yanzu?"

"Na sani, shi ya sa nake jin kamar in fasa ihu. Kai ba ka san Baba ba. Ni in na ce ni ce, zai yi faɗa, zai ce jahilcin 'yan birni, kwana biyu ya huce. Kai kuwa ɗan gidan Mahadi ne. Turken ya ɓace, an same shi a hannun wanda gidansu ke da riba in ya ɓace. Wa zai yarda kuskure ne?"

"Baffa ma bai yarda ba," ya ce a hankali. "A gaban kowa ya ce na zubar masa da mutunci."

"Ka gani?"

"Duk da haka ki yi shiru. Don Allah, Nasiba. Za a zauna bayan la'asar a gindin dalbejiyar masallaci. Zan ba da haƙuri, zan ƙera sabo, zan yi wa gidanku shuka kyauta. Ke dai kar ki zo. Ki yi mini wannan alkawarin."

Ta share fuska da bakin tob, ta dubi aikinta. Wata huɗu na ranta ne a tsaye a wurin, kuma ko kallonsa ba ta son yi.

"Ba zan yi alkawarin da na san zan karya ba," ta ce, ta juya.

Yinin nan ba ta ci ba, ba ta sha ba. Malam ya shigo da azahar, ya yi alwala, ya fita, bai kalli kowa ba. Habboba kuwa sai juyi take a kan angarib.

"Da ni ce ke," ta ce can, "da na same shi shi kaɗai cikin ɗaki. Abdussalami tun yana yaro ba ya son a ba shi kunya gaban mutane."

"Ya ba ni fuska ne? Kin ga ko kallona bai yi ba."

"To ki jira dare."

"Kafin dare sun gama yanke wa Yahya hukunci, Habboba. Abin da aka faɗa a gindin dalbejiya ba a janye shi a ɗaki."

Tsohuwa ta yi ajiyar zuciya. "Tahi. Amma ki durƙusa nesa, kar ki ɗaga murya."

Maza sun fi talatin a gindin bishiyar. An ɗauko aikin a keken jaki an ajiye a tsakiya kamar ɓarawon da aka kamo, wasu na leƙa takalman suna gane nasu. Yahya na tsugune, kansa a ƙasa. Abdulƙadir ne ke magana lokacin da ta iso.

"...bara ma sai da na ce igiyar nan ta karkata wajenmu. Ashe shiri ne. Yau a cire turke, gobe a ce ai nan yake, a ci mana kamu goma. Jibi kuma a auri ɗiyar gida, a haɗe gonar gaba ɗaya."

Baffa Mahadi, tsoho ne siriri mai farin gemu, ya buga sandarsa a ƙasa. "Yaro, ka iya bakinka! Shekara arba'in ina riƙe igiyar ga da hannuna, ban taɓa cin taƙi ɗaya na kowa ba."

"To ɗanka ya fara."

"Salamu alaikum."

Muryar mace. Kowa ya waiwayo. Nasiba ta durƙusa a bakin tabarmi.

"Mi ya kawo ki nan?" in ji Malam. "Koma gida."

"Baba, ka gafarce ni. Ni na cire turken."

Wani ya yi salati. Yahya ya runtse ido.

"Kafin ruwa ya cika ne. Gaɓa ta zaizaye, na gan shi a karkace, na ɗauka ƙarfen banza ne. Ni kaɗai na girgiza shi ya fito, ni na kai wa Yahya. Bai san daga inda na samo shi ba. Ba ruwansa, ba ruwan Baffa Mahadi. In akwai hukunci, nawa ne."

"Ƙarya take!" Abdulƙadir ya miƙe. "Rufa masa take yi, Kawu. Mace za ta iya cire wannan?"

Ta buɗe tafin hannunta na dama ta ɗaga. Ga tabon da zoben ya yanke ta nan, dogo, daga gindin babban yatsa zuwa tsakiya. Malam ya san tabon. Shi da kansa ya tambaye ta a lokacin, ta ce wani ƙarfe ne a bakin kogi, bai bi ta kai ba.

Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya juya ga Mahadi.

"Mahadi, na zarge ka a zuciyata tun safe. Ka yahe mini."

"Na yahe, Malam. Allah ya yahe muna baki ɗaya."

Nasiba ta saci kallon Yahya. Ga shi nan, ta ce a ranta, ga abin da nake faɗa maka.

"Ke kuma," in ji Malam, "na biya kuɗin karatu shekara huɗu don ki koyi ba da labarin kakanninki, ashe ko turkensu ba ki sani ba. Laifina ne da ban taɓa kai ki awo ba. Gobe da sassafe ki wuce gaba, ki nuna muna inda kika cire shi, Mahadi ya duba da goriba. Wannan abin kuma a warware shi yau, a haɗa ƙarfen yadda yake."

"Baba, ranar Asabar zan..."

"Yau na ce."

Ta haɗiye sauran maganar. Wata huɗu. Ta ce a ranta ba komai, a warware, a maimaita shekara ma in ta kama, in dai Juma'a na nan.

"Yahya."

"Na'am, Baba Malam."

"Taso nan. Dube ni."

Yahya ya matso a tsugune.

"Da safe na tambaye ka sau nawa?"

"Sau uku."

"Na ukun mi na ce maka?"

"Ka ce in ji tsoron Allah in faɗa maka gaskiya."

"Ka dubi tsabar idona ka ce kai ne. Ka bari na zargi maƙwabcina na shekara sittin. Ka bari baffanka ya yini da kunyar abin da gidansa bai yi ba. Da yarinyar ga ba ta zo ba, da yau gidaje biyu sun rabu a kan maganarka."

"Baba, don ni ya yi!" Nasiba ta manta da gargaɗin Habboba, muryarta ta tashi. "Sunana yake karewa!"

"Na sani. Shi ya sa abin ya fi ba ni tsoro. Wanda zai yi mini ƙarya don yana son ki, gobe ke zai yi wa don yana son ki. Gidansa na ci da wuta zai ce miki lahiya lau, kar ranki ya ɓaci." Ya juya. "Mahadi, ni da kai ba komai. Amma ranar Juma'a kar ku wahal da kanku."

Baffa Mahadi ya ɗauki sandarsa. Bai roƙar wa ɗan nasa ba, don shi ma an yi masa ƙaryar.

Malam ya miƙe yana kakkaɓe rigarsa. Mutane suka fara tashi. Sai Yahya ya yi abin da ba wanda ya zata, ya riƙo gefen tabarmar da Malam ke tsaye a kai.

"Baba Malam, tambaya ɗaya, don Allah. Da na ce maka ita ce, tun da safe... da ka ba ni?"

Malam Abdussalami ya tsaya. Ya dubi yaron, ya dubi takalman da ke lilo a jikin turken, har da na mahaifinsa. Fuskarsa ba fushi a cikinta, kuma wannan ne ya fi ciwo.

"Tun daren Lahadi na yi istihara na gama," ya ce. "Da na ba ka, ko turke goma kuka yanka."

Ya sa takalminsa ya nufi gida.

Nasiba ba ta san lokacin da ta zauna daɓas a ƙasa ba. Kuka ya ƙi zuwa. Ta juya ta dubi Yahya, shi ma ita yake kallo.

"Kalma biyu, Yahya," ta ce. "Ita ce. Shi ke nan abin da ya kamata ka faɗa."

Can gaba a kan hanya, Abdulƙadir ya riga ya cim ma kawunsa. Ya karɓi butarsa ya riƙe masa, suna tafe kafaɗa da kafaɗa, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Malam bai amsa ba, amma bai kore shi ba.